Malam Yamusa Ya Koma Rubutu da Hagu

Kafin ciwo ya kwantar da shi, babu mazaunin Layin Tsamiya a Karu da bai san muryar Malam Yamusa ba. Tsohon malamin firamare ne, Hausa ya koyar har ya yi ritaya, kuma aji ya bar masa irin muryar nan da ba ta neman lasifika. Shi ne sakataren ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya na layin. Ranar taro yakan zauna kusa da shugaba, yana rubutu yana musu, ba ya bari ɗaya ya hana ɗaya.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira matarsa Hussaina, abin da ya fito bai yi kama da sunan kowa ba. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa shi, ɓarin dama ya shanye. Bayan jinya da gashi ƙafar ta dawo, har yana takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba. Harshen kuma ya yi nauyi. Maganar tana nan cikakkiya a kansa, kowace kalma a wurinta, amma da ta iso baki sai ta narke.

Masu dubiya ba su yanke ba. Sukan cika falo, su gaishe shi da ƙarfi kamar kunnen ne ya shanye, sannan su juya wajen Hussaina. Yana cin abinci? Yana samun barci? Shi kuwa yana zaune a gabansu, yana da amsar kowace tambaya. In ya yi ƙoƙari ya haɗa wata magana, kafin ya kai ƙarshe an ce, "Haka ne, Malam, Allah Ya ƙara sauƙi." Wata rana ya gwada su. Amininsa Alhaji Ɗangoggo, Bakatsinen da ke da shagon kayan masarufi a bakin layi, kuma shi ne shugaban ƙungiya, ya zo da sabuwar hula. Malam Yamusa ya tattara ƙarfinsa ya ce masa hular ba ta yi masa kyau ba. Alhaji ya shafa fuska ya ce, "Amin, amin, Malam."

Ya gwada biro da hannun hagu. Da ya dubi abin da ya fito a takarda, ya tuna yaran da ya sha tsayarwa a gaban aji saboda munin rubutu, sai ya dunƙule takardar ya cusa ƙarƙashin kujera. 'Yarsa Nabilah da ke aure a Kaduna ta aiko masa da waya mai shafawa don ya riƙa rubuta abin da yake so. Haruffan ƙanana ne, yatsansa kuma babba, ga wayar da shisshigi: duk kalmar Hausar da ya buga sai ta mayar da ita wata kalmar Turanci da ta ga dama. Ya rubuta yana son tuwo, ta ba shi wani abu da ko Bature ba zai gane ba. Da ƙyar Nabilah ta koya wa uwarta ta waya yadda ake kashe wannan gyaran. Ko bayan haka bai ga inda aka ɓoye haruffa masu lanƙwasa ba.

Wata la'asar, bayan wasu masu dubiya sun tafi, ya rubuta wa Hussaina, "Na gaji da baki." Ta karanta, ta zauna a gefensa, idonta ya kawo ruwa. Ta yi ta ba shi haƙuri, tana cewa bakin zai buɗe da yardar Allah, likita ma ya ce a hankali ne. Shi kuwa baƙi yake nufi, mutanen da ke cika masa falo. Ya nuna ƙofa, ya nuna kujerun, ta ɗauka iska yake so, ta tashi ta buɗe taga. Ya wurgar da wayar kan tabarma, bai sake taɓa ta ba.

A ɗakunan baya na gidan akwai 'yan haya, Joy da mijinta Alexander. Shi yana koyarwa a wata sakandare a Mararaba, ita kuma tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Sheda, inda take kwana cikin mako ta dawo ranar Juma'a. Bagwariya ce, a kasuwa da makaranta ta tsinci Hausarta, ba ruwanta da bambanta namiji da mace a magana. A da, duk gaisuwar da suka yi sai Malam Yamusa ya gyara mata kalma, ita kuma ta yi dariya ta maimaita kuskuren.

Wata Asabar da hantsi Hussaina ta shimfiɗa masa darduma a baranda. Joy na zaune a kan benci da kwamfutarta a cinya, tana jiran wanki ya jiƙa. Daga inda yake yana hango fuskar kwamfutar. Baƙa ce wuluk, babu hoto, babu ado, sai fararen haruffa suna fitowa layi bayan layi, kamar alli a kan allo. Ya daɗe yana kallo. Da ta lura, ta matso da bencin.

"Baba, aikin ofis ne. Duk abin da na yi a lab, a nan nake rubuta shi. Irin da na shuka, wanda ya fito, wanda ya ƙi, abin da oga ya ce. Har cefane ma."

Ya nuna haruffan da yatsa, ya dube ta.

"Wannan? Wurin rubutu ne kawai. Ba ya yin komai sai rubutu. Ba ya gyara maka magana, ba ya kawo talla, ba ya neman data. Abin da ka buga, shi zai tsaya. Kwamfutan nan ba shi da wayo ko kaɗan, shi ya sa nake son shi."

Ta ɗora masa kwamfutar a kan ƙaramin tebur, ta danna wani abu haruffan suka yi girma. Maɓallan manya ne, kowanne da wurinsa, yatsa na jin sa kafin ya danna. Ya nemi harafin farko, ya nemi na biyu. Yatsan yakan daɗe a kan maɓalli, sai harafi ɗaya ya fito a jere kamar tururuwa. Duk da haka ta karanta abin da ya rubuta: "Kwamfuta mace ce. Ba ta da wayo."

Joy ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta leƙa kicin ta ce, "Mama, zo ki gani. Baba ya warke, ya fara gyara mini Hausa."

Juma'ar da ta biyo baya ta dawo da wata tsohuwar kwamfuta da ta daina amfani da ita tun tana karatu. Murfin ya tsage a gefe, batirin ba ya riƙe wuta sosai. Ta ce ta share duk abin da ke ciki ta sa mata Linux, irin tsarin da take amfani da shi a tata, wanda ba ya yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Ta shirya ta yadda da an kunna, baƙin allon nan zai buɗe da kansa, babu wani lungu da za a bi.

Malam Yamusa ya rubuta, "Wa ya yi shi? Wane kamfani?"

"Ba kamfani ɗaya ba ne, Baba. Mutane ne, wannan yana ƙasarsa, wancan yana ƙasarsa. Kowa ya kawo abin da ya iya. Suka bar shi a buɗe, duk wanda yake so ya ɗauka, ya duba cikinsa, in wani abu bai yi masa ba ya gyara. In gyaran ya yi kyau, ya ba sauran."

Ya juya maganar a ransa. A ƙauyensu, lokacin yana yaro, haka ake yin rufin ɗaki da noman gonar wanda ba shi da lafiya. Ya rubuta, "Aikin gayya."

"To, shi ne. Gayya ne."

Ya rubuta, "Gayya ce."

A ranar ta gyara masa maganar harafin da ke maimaita kansa, ta shiga wani wuri ta kashe shi, ko ya kwana a kan maɓalli harafi ɗaya zai fito. Ta sa kuma duk abin da ake danna maɓalli biyu tare a yi, ya zama ana danna su ɗaya bayan ɗaya, tunda hannu ɗaya gare shi. Sai ya kawo maganar da ta fi damunsa. Ya rubuta "kafa", ya nuna ƙafarsa, ya girgiza kai. Ya zana ƙugiya a iska da yatsa.

Joy ta ce ita ba ta taɓa sanin ƙugiyar nan tana da wani aiki ba, ta ɗauka ado ne na masu buga littafi. Malam Yamusa ya gyara zama. Abin da a da zai faɗa cikin numfashi biyu, ya ci masa rabin hantsi. Ya jera mata bari da ɓari, dan da ɗan, kafa da ƙafa, yana nuni da hannu inda babu harafin. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ƙarasa masa kalma ko ɗaya ba, kuma ya lura da hakan.

"Ban san yadda ake yi da hannu ɗaya ba," in ji ta. "Amma zan tambaya."

Akwai wani dandali a intanet inda masu amfani da tsarin ke taimakon juna. Ta rubuta musu cewa akwai wani dattijo malamin Hausa da hannunsa ɗaya ke aiki, yana son haruffansa. Da ta dawo mako na gaba ta nuna masa amsoshin. Wata mata daga wata ƙasa mai sanyi, wadda shi a taswira kawai ya san ta, ta yi bayanin yadda za a rubuta ɗan ƙaramin fayil da zai ware maɓalli guda ya zama na lanƙwasa. Wani kuma ya gyara mata kuskure a layi ɗaya, ta yi masa godiya. Babu wanda ya tambaya ko Malam wane ne. Joy ta ce ya zaɓi maɓallin da yake so, ya zaɓi wani a gefen hagu da bai ga amfaninsa ba. Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta tura masa.

Ya danna maɓallin, ya ɗaga yatsa, ya danna k. Harafin ya fito da ƙugiyarsa a kai. Ya yi ɓ, ya yi ɗ. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya buga sanda a ƙasa, alamar da yake kiran Hussaina da ita. Ta fito tana goge hannu da gefen zani, ta sunkuya tana karantawa a hankali yayin da yake bugawa.

"Ranar nan da kika yi kuka. Ba baki na ce ba. Baƙi na ce. Mutane sun yi mini yawa."

Hussaina ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Yanzu Malam, duk hawayen nan da na zubar, ashe korar mutane kake yi?"

Ya gyaɗa kai. Dariyarsa ta fito a karkace, ɓari ɗaya na fuskar bai bi ba, amma dariya ce. Daga ranar ta riƙa tare masu dubiya a zaure, ta ce yana hutawa, sai waɗanda ya rubuta sunansu take shigarwa.

Joy ta koya masa yadda take yi a wurin aiki: kowace rana da fayil ɗinta, a sa mata kwanan wata a matsayin suna. Bayan asuba yakan buɗe sabo. Ya rubuta maganin da ya sha da abin da na'urar awon jini ta nuna. Ya rubuta abin da ya ji a rediyo da bai yarda da shi ba, da kalmomin da bakinsa ya iya fitarwa daidai a ranar, da tambayoyin da zai yi wa likita. Ranar asibiti Hussaina ta saka kwamfutar a jakar Islamiyyarta. Da likitan ya tambaye ta yaushe jirin ya fara, ta ce ba ta riƙe ba. Malam Yamusa ya buɗe, ya nemi kalmar jiri kamar yadda aka nuna masa, ranakun suka fito. Likitan ya karanta, ya ce zai canza masa ƙwaya ɗaya. Daga nan har suka fito, Malam Yamusa likitan yake kallo in zai yi tambaya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata rana ya zauna tun safe yana rubuta labarin makarantar farko da aka tura shi koyarwa, yadda suka yi aji a gindin ɗorawa kafin a gama gini. Bai taɓa yin rubutu mai tsawo haka da hagu ba. Gab da azahar aka ɗauke wuta, tsohon batirin ya riƙe kaɗan ya saki, allon ya mutu. Da wuta ta dawo ya kunna, babu komai sai layin farko. Ya manta bai adana ba. Ya rufe kwamfutar, ya sa Hussaina ta ɗora ta saman kabad. Ya koma nuni da hannu da buga sanda, in ba a gane ba ya juya fuska bango.

Hussaina ta bar shi ya huce, bai huce ba. Ranar Juma'a da Joy ta shigo gaisuwa, ta sauko da kwamfutar ta ajiye a gabansa.

"Malam, ni dai ba zan koma duba ba. Na gaji da cankar ko ruwa kake so ko filo. Abin da ya ɓace, ba daga kanka ya fito ba? Kan yana nan."

Joy ta ce akwai yadda ake sa shi ya riƙa adanawa da kansa kowane ɗan lokaci, ita ce ba ta kunna ba, don ita hannunta ya saba. Ta kunna. Alexander kuma ya samo wani batirin a wurin masu gyara a Mararaba. Malam Yamusa bai taɓa kwamfutar a gabansu ba. Sai washegari Hussaina ta ji ƙarar maɓallai daga falo, ɗaya-ɗaya. Ya sake rubuta labarin ɗorawar, ya fito gajere, kuma a ganinsa ya fi na farko.

Damina ta yi nisa lokacin da Alhaji Ɗangoggo ya zo da wata magana. Ya daɗe yana zagaye, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya ce taron ƙungiya ya dagule tun da babu mai rubutu, kowa na tuna abin da ya yi masa daɗi. Mutane suna ganin a ba Godfrey mai kemis riƙon sakatare, kafin Allah Ya ba Malam lafiya. Hussaina yake kallo yana faɗa.

Malam Yamusa ya buga sanda, ya juya masa kwamfutar. "Ni za ka kalla, Alhaji. Ranar Asabar zan zo."

Alhaji ya ciro tabarau ya karanta, ya sake karantawa. "To, Malam. Allah Ya kai mu."

A ƙarƙashin rumfar shagon Alhaji ake taron, bayan la'asar, inda matasa ke kallon ƙwallo. Joy ta zo da wata igiya ta haɗa kwamfutar da talabijin ɗin rumfar, baƙin allon ya bayyana a bango, kowa na gani. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, kamar yadda aka saba. Maganar ranar ita ce get. Tun da gosulon hanyar Mararaba ya tsananta, 'yan acaba suka mayar da Layin Tsamiya hanyar yanke, suna gudu kamar a kan titi. Godfrey ya ce a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, a rufe da safe da yamma.

Malam Yamusa yana ta ƙoƙarin kama abin da ake faɗa, kalma biyu daga wannan, uku daga wancan. Maganar tana gudu, yatsa ɗaya ba ya cim mata. Da ya ga za a yanke ba a ji nasa ba, ya bar rubutun taron, ya ɗaga sanda. Alhaji ya ce a saurara wa sakatare.

Aka zuba ido, ana kallon haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin nauyin jinkirinsa kamar lokacin ba, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wani daga baya ya fara canka kalmar kafin ta ƙare, Joy ta waiwaya ta ce, "A bar Baba ya gama." Ya rubuta cewa bai yarda da get ba. Matan layin baya a nan suke bi zuwa rijiyar burtsatse, yaran makaranta ma haka. Layin hanya ce tun kafin a gina yawancin gidajen, ba tsakar gidan kowa ba.

"Haka ne, Malam," in ji wani. "Gaskiya ne," in ji wani, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Malam Yamusa ya gane wannan muryar. Ya san da ya tashi za su sa get ɗinsu.

Godfrey ya miƙe. Dogo ne, mai saurin magana, Hausarsa gauraye da Turanci. "Oga Sakatare, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Kai kana cikin gida tun watannin nan, ba ka ga abin da muke gani ba. Makon jiya ɗiyar Hannah mai ƙosai aka kawo mini shago, gwiwa duk jini. Mashin ya ture ta ya wuce. Ka ce hanya ce, to hanya ce, amma ta zama ta kashe mutane. Wannan magana taka ta da ce."

Wasu suka sunkuyar da kai, Alhaji ya yi gyaran murya yana harararsa. Malam Yamusa kuwa ya ɗago kai. Tun da ya kwanta, yau ne aka fara ce masa bai yi daidai ba. Ya jawo kwamfutar kusa.

"Zauna, Godfrey. Ban gama da kai ba."

Aka yi dariya, dariyar gaske, irin wadda ake yi a tarukan da. Daga nan musu ya kankama. Shi ya rubuta, Godfrey ya karanta da ƙarfi ya mayar da amsa. Ya kawo shawarar a yi tudun rage gudu maimakon get, aka ce an taɓa yi, ruwa ya cinye. Mutane suka saba da jiran, har wasu na amfani da shi su shirya tasu maganar. Da aka ɗaga hannu, masu son get suka rinjaye shi da nisa. Abin da ya samu shi ne a bar ƙaramar ƙofa a gefe don masu tafiya a ƙasa, wadda ba za a taɓa sa mata kwaɗo ba.

Bayan an tashi ya duba abin da ya kama na taron, ya ga rabinsa babu. Ya kira Godfrey da hannu ya nuna masa. Godfrey ya ce shi ma ya ɗan yi rubutu a bayan kwalin magani. Suka daidaita a nan take: Godfrey zai riƙa kama maganganu a takarda, ya kawo masa washegari, shi kuma ya tsara su a kwamfuta, ya adana, Joy ta tura wa kowa a waya. Alhaji ya ce to, an samu sakatare biyu, Allah Ya sa kada su cinye shugaba.

A hanyar gida yana dogara sanda, Hussaina da ta tsaya daga nesa tana kallo ta ce, "An kayar da kai, kuma sai murmushi kake yi." Ya tsaya ya huta, ya tattara harshensa. "Zan... rama," ya ce. Ta ji shi sarai.

Joy ta ce ɗan fayil ɗin nan na haruffa bai kamata ya tsaya a gidansu ba, tunda su ma a hannun wasu suka samu. Ta sa shi a dandalin, Malam Yamusa ya rubuta bayanin yadda ake amfani da shi da Hausa, ya yi ta gogewa yana sakewa kamar mai shirya darasin da sufeto zai gani. Ba a yi rububi ba. Mutum biyu suka yi godiya. Sai wani malami daga Damagaram ya rubuto cewa ya gwada ya yi, amma an manta harafin da su a can suke rubuta 'ya'ya da shi, y mai ƙugiya. Malam Yamusa ya ce wannan ba rubutun da ya koyar ba ne, ya yi kwana guda yana shirya amsa. A ƙarshe ya ce wa Joy ta ƙara harafin, amma ta tura amsar tasa ma. Mutumin ya mayar da tasa, doguwa, da ladabi, ba tare da ya janye ko kalma ɗaya ba.

Wata safiya ya fito daga wanka ya tarar da Hussaina a kujerarsa, kwamfutar a gabanta, littafin Islamiyyarta a buɗe a gefe. Ta ce malamarsu tana saurin bayani, abin da take rubutawa a aji in ta dawo gida ba ta iya karanta shi, tana so ta mayar da shi nan tun tana tunawa. Joy ta buɗe mata wurinta daban, da sunanta.

Ya zauna a hannun kujera yana kallo. Da yatsu biyu take bugawa, kuma ta fi shi sauri. Ta rubuta layi guda, babu ƙugiya ko ɗaya. Ya miƙa yatsa ya nuna mata maɓallin gefen hagu.

"Na gani, Malam. Bari in gama tukuna."

Ya sake nunawa.

"Ka sha koko, yana hucewa. In na gama sai ka duba mini."

Ya ɗauki kofin da hagu, ya kurɓa, yana jiran a ba shi wuri.